Kuka, gawo, magarya da aduwa a ƙasa iri uku: littafin gandun bayan gida

18 ga Mayu, 2024

Gardama da kawuna ce ta jawo wannan aiki. Muna dawowa daga gonarsa ta jigawa na tsinko ganyen magarya na nuna masa ƙanƙantarsa, alhali magaryar bakin fadama wajen madatsar Tomas ganyenta ya kusa ninka wannan. Na ce ƙasa ce ta jawo. Ya ce iri ne: "Ta fadama daban, ta tudu daban. Kai dai boko ne ke sa ka neman wahala." Shekara tara ina koyar da darasin aikin gona, ina zana ganye a allo, ban taɓa gwada komai da hannuna ba. To bana zan gwada.

Bishiya huɗu na zaɓa: kuka, gawo, magarya, aduwa. Ƙasa uku: yashin gonar Kawu, baƙar laka daga fadama, da jar marmara daga ramin da masu tifa ke ɗibar burji. Kowace bishiya leda goma a kowace ƙasa, leda 120 ke nan. Irin kowace daga uwa ɗaya na tara shi, don kada Kawu ya sami mafaka. Uwa dai ɗaya. Uba kuwa sai Allah, tunda furen kuka jemagu ne ke yi masa barbara da daddare.

Kashewa: baƙar leda 150, naira 2,250. Ɗauko ƙasa a amalanken shanu sahu uku, 9,000. Zana huɗu don shinge, 8,000.

25 ga Mayu

An cika ledoji. Lakar ta ba mu wuya, sai da yara suka daka ta da taɓarya. Na jera su layi uku a bayan gida, kowace ƙasa da layinta, don sauƙin ƙirga. Ban sa taki ko ƙwaya ba.

1 ga Yuni

Shuka. Ƙwallon kuka na ɗan goge gefensa a dutse har fari ya leƙo, na jiƙa kwana ɗaya. Magarya na fasa ƙwallon da guduma a hankali na ciro ƙwayar ciki. Aduwa yara suka tsotse mini kyauta, har suna tambaya ko da saura. Gawo kuwa na zuba a ruwan zafi. Ƙwaya bibbiyu a kowace leda.

15 ga Yuni

Kuka da magarya sun fito, aduwa tana ɗagowa ɗaya-ɗaya. Gawo shiru, ledoji talatin babu ko ɗaya. Na tona uku na tarar da ƙwayar ta ruɓe ta yi laushi kamar dafaffen wake. Laifina ne ba na kowa ba. Ƙa'ida ita ce a tafasa ruwa, a sauke, sannan a zuba iri a bar shi ya huce a ciki. Ni kuwa tukunya na kan murhu na zuba, aka kira ni waje, na dawo ruwa na ta ɓararraka. Dafa su na yi.

Da Kawu ya ji ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce in je garken awaki in tsince ƙwayar gawon da suka ci suka kasayar, ita ba ta buƙatar tukunya. Gaskiyarsa: ɓawon ƙwayar mai tauri ne, cikin dabba ke sassauta shi, shi ya sa gawo ke yawan tsirowa inda aka zuba takin awaki. Amma na garke ban san uwarsa ba, don haka na koma ga sauran 'ya'yan da ya ajiye wa tumakinsa daga gawon tsakiyar gona. Wannan karon reza na sa, na ɗan yanki gefen kowace ƙwaya. Gobe Babbar Sallah, amma na shuka su yau kafin magariba.

29 ga Yuni

Gawo ya fito cikin kwana shida. Ƙirgen ledojin da suka tsiro: kuka 27, gawo 26, magarya 24, aduwa 19. Jimla 96. Na cire na biyu a inda biyu suka fito. Ruwan sama ya kankama, na daina sayen na 'yan garuwa. Zuwa yau ya ci 4,200.

'Yata ta rantse waɗannan ba kuka ba ne, don ganyen kuka yatsu biyar gare shi kamar tafin hannu, waɗannan kuwa falle ɗaya ne. Haka ƙaramar kuka take. Da ganye guda take farawa, sai ta yi ƙwari ta soma fitar da mai yatsu biyu ko uku, daga baya biyar har bakwai.

13 ga Yuli

Cire ciyawa. Tsutsa ta ɗan taɓa magarya, na tsince da hannu.

27 ga Yuli

Awo na farko. Ba ni da na'ura, takardar lissafi mai gidaje-gidaje na yi amfani da ita: in ɗora ganye, in zagaye shi da fensir, in ƙirga gidajen da ya rufe. Ɗalibaina biyu sun taya ni, mun wuni. Daga kowace bishiya ganye na uku daga sama muke ɗauka, wanda ya gama buɗewa.

Matsakaicin faɗin ganye, a murabba'in santimita: kuka a laka 31, a yashi 19, a marmara 17. Magarya a laka 9, a yashi 5, a marmara ƙasa da 5 kaɗan. Aduwa kuwa kusan 4 a ko'ina, kamar an buga da hatimi ɗaya. Gawo ya gagare mu, 'yan ganyayyakinsa ba su kai ƙwayar shinkafa girma ba, sai tsawon reshen ganyen muka auna.

Ban jira an kwana ba, na tafi wurin Kawu da takarduna. Ya duba ya juya, ya ce, "To, Malam, ka ci." Malam yake ce mini idan zai yi mini shaƙiyanci.

Wani abu kuma: ganyen ƙasa-ƙasa na kukar yashi ya soma rawaya, sabon toho na sama kuwa kore ne. Alamar yunwar naitirojin ke nan. Idan ya yi ƙaranci bishiya kan zare shi daga tsohon ganye ta kai wa sabo, kuma yashi ba ya riƙe shi, ruwa na wankewa. Gawon da ke ledar gefe, cikin yashin nan dai, ko a jikinsa.

10 ga Agusta

Marka. Kwana huɗu ruwa bai ɗauke sosai ba.

17 ga Agusta

Ɓarna. Ledojin laka sun zama ƙananan tafkuna. Huda huɗu na yi wa kowace leda a gindi, wanda ya ishi yashi da marmara, amma laka ta toshe su, ga ledojin zaune a ƙasan da shi ma ya ƙoshi. Abin da ya ruɗe ni da farko, ganyen kuka ya yi yaushi ya sunkuya kamar mai jin ƙishi, alhali gindinta na cikin ruwa. Har na yi tsaye ina kallo. Saiwa ma numfashi take yi. Idan ruwa ya kore iskar da ke tsakanin ƙasa sai ta shaƙe, ta kasa ja, ganye ya mutu da ƙishi a tsakiyar ruwa. Na zaro ɗaya, saiwar da ta fara kumbura kamar ƙaramin rogo ta yi baƙi tana wari.

Asara duk a layin laka: kuka 5 cikin 9, aduwa 4 cikin 6, magarya 1. Gawo bai rasa ko ɗaya ba. Saura 86.

Na ƙara huda da ƙusa mai zafi, na ɗora ledojin kan tsofaffin bulo. Aduwa ba ta ba ni mamaki ba, bishiyar fako ce da tudu, ƙaramarta ba ta saba da kwana cikin ruwa ba. Da giyayya na shuka a lakar nan da ta yi murna, ita da ke tsayuwa cikin ruwan fadama wata da watanni.

24 ga Agusta

Yau na gano abin da ya rushe mini murnar watan jiya, kuma ba ni na gano ba ma. Ina ɗaga ledoji wajen la'asar sakaliya sai maiɗakina ta leƙo ta ce, "Ai waɗancan na gindin darbejiya sun ji daɗi, tun azahar suke cikin inuwa." Na ɗaga kai. Layin laka shi ne na yamma, dab da darbejiyar gidan. Da safe nake shiga gandun kafin in tafi aiki, lokacin rana na dukan layukan uku daidai, shi ya sa ban taɓa lura ba. Daga ƙarfe ɗaya zuwa faɗuwar rana, layin laka na inuwa, sauran biyun na gasuwa.

Ke nan faɗin ganyen da na kai wa Kawu ina taƙama, ba a san na ƙasa ba ne ko na inuwa. Kuma abin haushin, wannan darasi ne da nake koyarwa: ganyen inuwa kan yi faɗi da sirantaka don ya tari ɗan hasken da ke isowa, na rana kan yi ƙanƙanta da kauri. Ko a jikin mangwaro ɗaya, ganyen cikin duhuwa ya fi na ƙololuwa faɗi. Na sani a allo, na manta a bayan gidana.

Gyara: na kwashe ledojin duka zuwa gabas inda inuwa ba ta kaiwa. Na shafa wa kowace fenti, ja na marmara, fari na yashi, shuɗi na laka, na cakuɗa su ta hanyar ƙuri'a, babu sauran layi. Na ɗaura zare a kan kowace bishiya daidai inda ta tsaya yau. Ganyen da ya fito sama da zaren kaɗai zan auna nan gaba. Sannan da gangan na mayar da kuka huɗu da magarya huɗu na yashi gindin darbejiya, in ga abin da inuwa ita kaɗai za ta yi. Fenti 1,500.

Ban gaya wa Kawu ba tukuna.

7 ga Satumba

Na sadaukar da biyar don in ga saiwa: gawo uku, kuka biyu. Gawon yashi tsawonsa a sama bai wuce taƙi ɗaya ba, amma saiwarsa ta huda leda ta nutse, sai da na haƙa. A jikin ƙananan jijiyoyin ga 'yan ƙuraje irin na saiwar gyaɗa da wake. Cikinsu ne ƙwayoyin halittar da ke kamo naitirojin daga iska suke zaune, dalilin da ganyensa bai yi rawaya ba ke nan. Na marmara saiwarsa ta yi ta lanƙwasa tsakanin tsakuwa, gajera. Saura 81.

21 ga Satumba

Babu aiki a gandu, sai na ɗauki babur na bi daga jigawa zuwa fadama ina kallon manya. A tudu sabara ce ta cika ko'ina, ganyenta toka-toka mai laushin gashi da ɗige-ɗigen baƙi. Tumfafiya ganyenta faffaɗa ne, wanda da farko kamar ya saɓa wa lissafi, amma shafa shi ka ji: kauri, da farin abu kamar kakin zuma da ke hana ruwa fita. Kalgo ganyensa kamar kofaton raƙumi, mai tauri kamar fata. Ana gangarawa fadama sai kanya da ɗinya da giyayya, kore shar.

Na ɗaura farar leda a reshen giyayya da na aduwa, na yi ƙoƙarin ganyen ciki ya zo kusan ɗaya, na zauna awa uku a gindin wata tsamiya. Ledar giyayya ta tara ruwan da ya kai cokali biyu, ta aduwa gumi kawai ta yi. Wanda ke da rijiya a gindinsa ba ya tsimin ruwa.

Gawon gonar Kawu tsirara yake, ƙaya da rassa fari fat, gero kuwa a ƙarƙashinsa ya fi na ko'ina tsawo. Yawancin bishiyoyi na zubar da ganye da rani, shi da damina yake zubarwa, ya ba shuka haske da taki, sannan idan duniya ta bushe ya yi kore da ruwan da doguwar saiwarsa ke jawowa daga can ƙasa. Surukina na Maraɗi ya ce a wajensu tun shekarun 1980 manoma ke barin tohon kututture a gona suna gyara shi, abin da suke kira sassaben zamani, kuma a Damagaram har yau ana ba da labarin yadda Sarki Tanimu ya hana saran gawo. Nawa na leda dai ganyensu na nan, ba su san da wannan al'ada ba tukuna.

5 ga Oktoba

Ruwa ya ja baya. Na koma sayen na garuwa. Gwangwanin madara ɗaya ga kowace leda, kwana bibbiyu, babu fifiko.

12 ga Oktoba

Na sami aron madubin ƙara girma na ɗakin gwaje-gwaje. Dabarar mai sauƙi ce: a shafa jan farce marar launi a bayan ganye, ya bushe, a manna salatif a ɗago, sai hoton fatar ganyen ya biyo. Mai kanti ya dube ni sau biyu da na ce jan farce nake so. Shi da salatif 900.

A kuka abin ya fito tsaf. Ƙofofin numfashi birjik, kowace kamar ɗan baki mai leɓe biyu. Ta nan iska ke shiga, ta nan kuma ruwa ke fita, leɓunan ne ke buɗewa da rufewa. Ciniki ne: in ta buɗe ta ci abinci ta yi asarar ruwa, in ta rufe ta tsira da ruwa ta kwana da yunwa. A ganyen rana ƙofofin sun fi cunkushewa, a na gindin darbejiya sun fi tazara. Ɗalibai sun yi layi suna leƙawa, wani ya ce kamar idon kifi.

Magarya ta ƙi. Sau biyar ina gwadawa, salatif na ɗago farin gashi cunkus kamar auduga. Sai daga baya na ga ai amsar ce a hannuna: gashin nan ya lulluɓe ƙofofin, yana tare iska mai zafi, yana riƙe ɗan danshi a bakinsu. Kurna 'yar'uwarta ce, amma bayan ganyenta kore ne sumul. Da ita zan gwada wani satin.

26 ga Oktoba

Awo na biyu, ganyen sama da zare kawai. Kuka: laka 23, yashi 20, marmara 16. Kukar yashi da ke inuwa: 28. Magarya: laka 7, yashi tsakanin 5 da 6, marmara 5, ta inuwa 8. Aduwa na nan a 4 ɗinta.

Wato kukar yashi a inuwa ta fi kukar laka a rana faɗin ganye. Tazarar 12 da na yi ta murna da ita a Yuli ta koma 3. Ƙasa na da hannu, musamman marmara da ke tsuke komai, amma inuwar darbejiya ce ta yi yawancin aikin. Kukar laka huɗu ce kacal ta rage mini, don haka ba zan kafa hujja mai ƙarfi a kanta ba. Ɗan fifikon da laka ke da shi ma ina ganin na ruwa ne: da azahar ledar yashi ta bushe ƙamas ganye ya yi laushi, ta laka da sauran danshi.

Na je na faɗa wa Kawu komai. Ya ce, "Ashe ni na ci." Na ce a'a, Kawu, uwa ɗaya ce ta haifi mai 16 da mai 28, ina iri a nan? Ya ce to aduwa fa? Nan na yi shiru, don a kan aduwa maganarsa ce daidai: ko'ina ka kai ta ganyenta biyu-biyu ne, ƙanana, masu kauri, ga koren ƙaya da koren reshe da ke taya ganye aiki. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Muka rabu a kan kuka da magarya nawa, aduwa tasa.

9 ga Nuwamba

An gama girbi an saki dabbobi. Gara ta cinye gindin zana ɗaya ban lura ba, iska ta kwantar da ita ranar Laraba ina wurin aiki. Awakin maƙwabta suka shiga. Kuka suka fara yi wa aski, sannan gawo, sannan magarya duk da ƙayarta. Wasu sun tumɓuke su da saiwa, wasu ledojin sun tattake. Aduwa suka ɗan lasa suka bari.

Goma sha bakwai sun tafi gaba ɗaya, cikinsu har da biyu daga kukar laka huɗun nan. Saura 64, rabinsu sanduna. Mai awakin ya zo da kansa ya ba da haƙuri, na ce ba komai, don shingen nawa ne ya faɗi. Amma ranar ko tuwo ban iya ci ba. Abin da ya tsira shi ne takardun awo, da ganyayyakin da na matse cikin tsohon rijista.

Zana biyu da igiya, 5,000. Na zuba toka da tsohon baƙin mai a gindin dirkoki.

23 ga Nuwamba

Hunturu ya sauka. Ban ruwa kawai.

14 ga Disamba

Magaryar da aka cinye ta yi sabon toho, ganyen ƙanana sosai, ƙaya kusa-kusa. Gawo ma ya farfaɗo. Kuka kuwa, har waɗanda akuya ba ta taɓa ba, ta zubar da ganye duk da ban ruwan da nake yi. Na ɗauka mutuwa ce, na kankare ɓawon ɗaya da farce na ga kore a ciki. Ta yashi ta riga ta laka zubarwa da kusan mako biyu. Abincinta da ruwanta na cikin kumburarriyar saiwar nan, sai bazara.

Jiya na bi ta gonar Kawu. Gawon ya rufe da ganye, tumaki kwance a inuwarsa.

Kuɗin da aikin ya ci zuwa yau, har da ruwan Oktoba zuwa yanzu na 7,500: naira 38,350.

Abin da ke gaba: a Janairu zan tara irin magarya daga uwa biyu, ta jigawa da ta bakin Tomas, in shuka su a ƙasa ɗaya, rana ɗaya, ruwa ɗaya, tunda ainihin maganar Kawu ke nan kuma ban gwada ta ba. Ledojin laka za su sami huda goma da tsakuwa a gindi. Zan nemi farashin wayar kaji, zana ta ishe ni. Waɗanda suka rayu kuma, in Allah ya kai mu saukar damina, gawo da aduwa za su tafi gonar Kawu, ya riga ya nuna mini iyakar arewa inda yake so a sa su.